Mataccen Gishirin Hajo

Duk wanda ya tashi a Kabara ya san gidan Hajo mai gishiri. Ba irin farin gishirin leda take sayarwa ba, wanda ita kanta take kira garin alli. Nata kantu ne da mangul, irin wanda ake haƙowa da ƙasarsa a jiki, makiyaya su saya wa shanu, mata su saya don haɗa magani. Ubanta, Malam Modu, Babarbare ne da ya zo Kano da wannan fatauci, ya mutu ya bar mata ɗaki guda da harshe mai gane gishiri. Ta kai shekara arba'in a kai. Kuma Allah ya yi ta da tambaya. In ka shiga sayen mangul na miya ɗaya, sai ka faɗi garinku da abin da kakarka take sa wa kuka kafin ka fita.

A daminar bana ne abin ya same ta. Soron da take ajiyar gishiri ya yi ta yoyo ta bayan buhuna, ba wanda ya lura, har ruwa ya tsotse gishirin ya bar ƙasa. Kantunan suna nan tsaye kamar ba abin da ya taɓa su, amma da ta lasa, salaf. Ga shi ranar Juma'a Arɗo Jaɓɓo zai zo ɗaukar na shanunsa, mutumin da tun zamanin ubanta bai taɓa ɗanɗana kayan gidan ba kafin ya ɗauka.

"Iya, saniya ba ta magana," in ji ɗanta Kabiru, magidanci mai 'ya'ya huɗu. "Ki ba shi kawai. In kin zubar, me za ki sayar har rani?"

Ta zage shi sama-sama, amma ba ta zubar ba. Gaskiyar magana, zancen ya zauna mata, kuma ta ji kunyar yadda ya zauna.

Ranar Laraba da hantsi Malama Rifkatu ta zo. Nas ce a wani ƙaramin asibiti a Gwale, Kirista, ita ke leƙowa duk wata ta auna jinin Hajo, ta hana ta cin gishiri, Hajo ta ce to, su duka biyun sun san ƙarya ne. Tana naɗe abin awon ta hangi wani gutsure da Hajo ta jefar a bakin rariya.

"Iya, wannan fa? Gishiri ake yarwa?"

"Ya mutu."

Rifkatu ta tsaya cak. "Gishiri yana mutuwa?"

Sai ta zauna a tabarma, abin da ba ta saba ba, ta ce ranar Lahadi ita za ta ja karatu a zumuntar mata ta cocinsu, kuma wurin da aka ba ta a littafinsu yana kwatanta masu bi da gishiri, yana gargaɗin kada su salance. Sati biyu abin yana damunta. A makaranta an koya mata gishiri ba ya rasa ɗanɗano ko ya shekara ɗari. Ta duba a waya, ta ga masana suna cewa gishirin waccan ƙasar a wancan zamani daga bakin tafki ake kwasowa haɗe da ƙasa, amma ita ba ta taɓa gani da idonta ba, kuma ba ta son ta tsaya gaban mata ta faɗi abin da ita ma take kokwanto.

Nan fa aka taɓo wa Hajo inda yake mata ƙaiƙayi. Wace ƙasa ce? Da raƙuma suke kawowa ko da jakai? Su ma soro suke yi? Rifkatu ta amsa wanda ta sani. Hajo ta ɓantaro ɗan mangul da ya tsira daga yoyon da kuma mataccen, ta ce ta lasa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ji? A ido duk ɗaya ne. Danshi ne ke shiga a hankali, gishirin ya bi ruwa ya tafi, ƙasar ta tsaya tana yi miki kamar shi."

"To me kuke yi da shi?"

"Ba a kai shi gona, ɗan abin da ya rage zai ƙone shuka. Juji ma ɓata taki zai yi. A hanya ake watsawa, a taka, ya danne taɓo."

Rifkatu ta dafe baki, idonta ya kawo ruwa. Ta ce haka wurin ya ƙare, a zubar waje mutane su taka. Ita duk zatonta tsawa ce kawai, ashe mai maganar abin da matan garinsu suke yi kullum ya faɗa.

"To ya san sana'a," in ji Hajo. Sai wata tambaya ta taso mata. "Amma mutum fa, 'yar nan? Yaya za a gane ya salance, tunda ba a lasarsa?"

"Ina ga shi ma a ido ba ya canzawa, Iya. Sai wanda ya dogara da shi ne zai gane, bayan ya cutu."

Rifkatu ta tafi da gutsure biyu a ƙulle a hankici, tana murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ba ta san abin da ta bari a gidan ba.

Ranar Juma'a Arɗo Jaɓɓo ya iso da a-kori-kura, ya ce a fara lodi. Hajo ta fito zaure da mayafinta, ta miƙa masa ɓantare.

"Arɗo, lasa."

Ya yi dariya. "Hajiya, yaushe na fara lasar kayan gidan Modu?"

"Yau za ka fara."

Ya lasa. Ya ji salaf. Sannan ya yi godiya, ya ce wa direba su nufi kasuwa, don shanu ba sa jira. Kabiru ya juya ya shige gida.

Da yamma ta sa aka farfasa kantunan aka shimfiɗa a lungunsu, tun daga ƙofarta har bakin masallaci. Ta zauna a dakali tana kallon masu dawowa daga La'asar suna takawa, ba ta san da me za ta kai rani ba. Wata maƙwabciya ta tsaya tana yaba yadda hanya ta yi kyau, ta tambaye ta wa ya yi wannan aikin lada.

"Yoyon sorona," in ji Hajo.