Jaririyar Bakin Kanal

Iya, kakata ta wajen uba, sana'arta turara shinkafa. Da an idar da magariba za ta hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta zauna a kujera 'yar tsugune tana tura kara da ɓuntu, mu jikoki mu zagaye ta. Hayaƙi ya sa mu hawaye, sauron gonakin shinkafa ya yi ta cin ƙafafunmu, amma ba mai tashi, don a nan ake samun tatsuniya, wani lokacin har da gasasshiyar masara. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, ko'ina ka juya ruwa ne da kukan kwaɗi.

Wata rana ƙanena Sani ya yi faɗa da yaron maƙwabta, ya shigo yana huci yana ce masa shege. Iya ta zaro kara ta tsula masa a ƙauri.

"Zauna nan, mai bakin masai," ta ce. "Yau ba Gizo a bakina. Abin da idona ya gani za ku ji."

Ta ce lokacin tana goyon babanmu ne, ba a daɗe da sako ruwan noman rani a kanal ba. Ita da surukarta suka ɗauki abinci za su kai wa kakanmu gona, sai suka tarar da taro a inda ake zubar da tumatirin da ya ruɓe. A tsakiyar wannan ƙazanta ga wani tsohon kwando, cikinsa jaririya, ko cibiya ba a yanke mata ba. Tururuwa ta yi mata layi har cikin kunne, ƙudaje sun rufe mata ido. Ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Manya da gemu fa," in ji Iya, tana yamutsa fuska kamar warin yana hancinta. "Kowa ya toshe hanci da bakin riga. Wannan na cewa a kira mai unguwa, wancan na lissafo 'yan matan gari, wai sai ya gano wadda ta yi. Wata ta tofar da yawu, kaɗan ya rage ya sauka a kan yarinyar."

Iya ta matsa, surukarta ta damƙe mata zani. "Kika taɓa najasar nan, kada ki biyo ni gida."

Ana cikin haka motar asibitin mishan ta tsaya. Wata baturiya ce a ciki, dattijuwa, mai zagaya ƙauyuka tana duba kutare. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta durƙusa cikin ruɓaɓɓen tumatirin nan har ya jiƙa mata gwiwa, ta dinga tsince tururuwar da yatsunta, ta cire ɗankwalinta ta naɗe jaririyar. Sannan ta ɗago ta ce da karkatacciyar Hausarta, "Wa yana da nono?"

Iya ta fizge zaninta, ta zauna a gefen kanal ta karɓe ta. "Yadda ta kama, angona," ta ce da ni, "har cikin bayana na ji."

Da yarinyar ta ƙoshi, baturiya ta tambaya ko akwai mai riƙe ta. Iya ta dubi kakanmu, wanda ya baro gona ya shigo taron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Me za a ce da ni a masallaci?" Mai unguwa da ya iso ya ce da baturiya ta tafi da ita kawai. A gida kuwa sai da surukar Iya ta tsaya a kanta ta wanke ƙirjinta da toka kafin a bar ta ta shayar da babanmu.

Ba a rufa mako ba, waɗannan dattawan suka cika dandali da hayaniya, wai Nasara sun sace 'yar Musulmi. Labari ya kai wa baturiya, ta aiko cewa ƙofa a buɗe take, mai son riƙo ya zo ya ɗauka. Ko ƙafa ɗaya ba ta taka ba. Daga baya aka mayar da baturiyar wani gari wajen Jos, ta tafi da 'yarta.

Iya ta ja tsaki ta tura kara cikin wuta. "Ku tashi. Wannan ba ta da ƙurunƙus."

A lokacin tururuwar ce ta tsaya min a rai, na daɗe ban iya kallon miyar tumatir ba. Sai da na girma, ina ɗaukar karatu a zauren wani malami a Kura, muka zo babin shayarwa, na ji cewa ko sau ɗaya jariri ya sha nonon mace ya zama ɗanta. Na rufe littafi na kasa ci gaba. Ashe wadda aka kusa tofa wa yawu gwaggona ce. Na je na tambayi Baba ko ya taɓa neman 'yar'uwarsa, ya ce in bar tone-tone.

Ban san sunanta ba, ban san ko tana raye ba. Wataƙila ranar Lahadi tana coci da jikokinta, kuma ban ga wanda yake da bakin yin ƙorafi a garinmu ba. Duk shekara dai in aka zauna rabon naman layya ana ƙirga dangi gida-gida, ni na san ƙirgar ba ta cika ba.