Ƙotar da Isuhu Bai Gama Ba

Ina bisa tsani da bokitin siminti a kafaɗa wayata ta yi ƙara. Na ƙi ɗauka, don a sanina matata Hajara ba ta kirana da hantsi sai in gas ya ƙare. Ta sake kira. Da na sauko na kara a kunne, sai na ji tana cewa, "Baban Nana, ka zo. Na kai wa Yaya Isuhu kunu, na yi sallama bai amsa ba. Yana zaune jingine da bencinsa, jikinsa ya yi sanyi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ke, wasa yake yi." Shekara da shekaru ni ne mai wasan a gidanmu. Ranar nan kaɗai na so a ce shi ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Isuhu kafinta ne, mutumin Matamai ta Nijar, ɗan gwaggona, wato taubashina. Ya girme ni, amma tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa. Shi ya kawo ni Sabha a ƙasar Libiya, shi ya samo mana wuri a gidan da yake haya a unguwar Mahdiya: shagonsa da ɗakinsa a gaba, ni da Hajara da yaranmu uku a baya. Ni kuwa Sani ne, leburan gini. A aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, bayan malamin ya ce aji ɗaya ba zai ɗauki masu surutu biyu ba, shi da ni. Saboda haka wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri. Mai miƙe mini karkata shi ne ya tafi.

Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya yin alheri a gaban idon wanda yake yi wa. Samarin nan da ke sauka Sabha da nufin wucewa arewa, in suka zo da yunwa a fuska, bai taɓa miƙa musu sadaka ba. Sai ya ba su katako ya ce su goge, ko da an riga an goge shi, da yamma ya biya su ladan aiki. Na ce masa, "Bawana, katakon nan zai ƙare a hannun mutanenka." Ya ce, "Gara katako ya suɗe da yaro ya koyi miƙa hannu." Ya yi wa kowane ɗana 'yar kujera, kuma duk lokacin da yaro ya ƙara tsawo sai mu tashi mu tarar an sake wa kujerar ƙafafu. In ya ga ina gaggawar aiki don in huta, yakan ce, "In ka gaji ka zauna. Kada ka ce ka gama."

Ƙofofi da tagogi ne abincinsa, amma abin da ya sa aka san shi ƙotar bindiga ce. Ba irin bindigogin da samarin garin nan ke harbawa sama in an yi biki ba, waɗannan ba ruwansu da kafinta. Tsofaffi nake nufi, na zamanin Italiyawa, waɗanda Larabawa ke rataye wa a bangon ɗakin baƙi don kakanninsu sun riƙe su. Ƙarfen yana nan, amma itacen ya tsage ko gara ta sha. Isuhu yakan ce, "Ni itace nake gyarawa. Ƙarfen, tsakaninsu da Allah." Kuma yana da doka: ƙarfe ba ya kwana a shagonsa. Mai ita ya kawo, ya zauna a yi aiki a gabansa, ya koma da abinsa. Duk wanda ya zauna Libiya ya san dalili. In aka sami bindiga a ɗakin baƙar fata baƙo, ba mai tambayar shekarunta. Sojan haya ne, shi da duk wanda ke kwana a gidan.

Gudummawata ga wannan sana'a kafaɗata ce. In ya sassaƙa ƙota sai ya kira ni, ya ɗora mini, ya ce in kwantar da kumatu a kai in rufe ido ɗaya. Daga nan ya raɗa mini suna Janar. Janar ɗin da bai taɓa riƙe komai ba sai itace, wanda in aka buga ƙofa da ƙarfi shi ke fara neman bayan matarsa.

Kafin sanyin bana wani dattijo mai gonar dabino a Wadi Bawanis ya fara zuwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba don mutuncinsa ba, don ina da yara a garin nan. Yakan zo da kwandon dabino, ya zauna ya sha shayi, yana kiran Isuhu ɗan'uwansa da Larabci. Bindigar kakansa ce, gara ta cinye ƙotar har tana marmashewa a hannu. Ba gyara take so ba, sabuwa za a yi tun daga gindi har ƙarƙashin bututu. Irin wannan aiki ba a yin sa da awo kaɗai. Sai a shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin fitila, a kwantar da shi cikin itacen, a ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa a kankare kaɗan, a sake shafawa. Haka za a yi ta yi har ƙarfe ya kwanta babu motsi. Dattijon ya ce ba zai iya zuwa kullum daga gona ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ka riƙe ta. In wani ya tambaya, tawa ce. Ka kira ni, da ƙafata zan zo."

Na ja Isuhu gefe na ce, "Ina dokar taka?" Ya ce, "Janar, mutum mai furfura ya dafa ƙirji a gabana. In na ƙi, na ce masa maƙaryaci ke nan." Har ya fito da wani guntun icen maɗaci mai kauri da wani direba ya kawo masa daga gida tun da daɗewa, wanda ya hana kowa taɓawa. Na ga ƙotoci da yawa daga hannunsa, ban ga kamar wannan ba. Da tafin hannunsa yake shafa mata mai har ta yi ja tana sheƙi. Saura ramin kusa na ƙarshe ajali ya riga shi. Dama ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, yana ɓoye mana.

Da na iso gida na tarar maƙwabta sun kwantar da shi sun rufe shi da zane. Mai gidan hayar ya ce ya riga ya kira 'yan sanda, suna tafe, don ba a binne baƙo sai sun shigo sun duba sun ba da takarda. Hajara ta kalle ni, ta kalli ƙarƙashin benci. Ƙarfen yana nan naɗe a bargo, ƙotar tana bisa. Yarana suna tsaye a bakin ƙofa. In aka ga abin nan, za a tafi da ni, gawar ɗan'uwana kuma ta zauna a firjin asibiti ba wanda zai karɓo ta.

Na ɗauki wayar mamacin na kira dattijon. Da guntun Larabcina na ce masa Yusuf kafinta ya rasu, 'yan sanda suna zuwa, ya zo ya ɗauki amanarsa ko ya tsaya ya ce tasa ce. Ya ce, "'Yan sanda?" Na ce e. Ya ce, "Wane Yusuf?" Na ce, "Ya Haj, wanda ka ci ka sha a shagonsa." Ya ce gidansu babu bindiga, bai san wani kafinta ba, Allah ya ji ƙan wanda ya mutu. Ya kashe. Na sake kira, wayar a rufe.

Ban tsaya kuka ba, ba a ba ni lokacinsa ba. Na cusa ƙarfen cikin buhun siminti, na ɗora a baro, na jibga guntayen rodi a kai, na tura zuwa ginin da nake aiki a bayan layinmu. Ana shirin zuba wani ginshiƙi. Na zura shi tsakanin rodi, abokan aikina 'yan ƙasarmu suka juya baya kamar ba su gani ba, muka zuba kankare. Bindigar kakan dattijo yanzu tana riƙe da benen wani. Karon farko ke nan da aka ba Janar makami, ya binne shi.

Saura ƙota. Ita ba a ɓoye ta, ko yaro ya gan ta ya san mece ce. Na ɗauke ta ina juyawa a hannu, na rasa yadda zan yi. Hajara ta ce, "Baban Nana, ana sanyi. Za a buƙaci ruwan ɗumi a yi masa wanka." Ta kafa duwatsu a tsakar gida ta ɗora tukunya. Ni na sa zarton Isuhu na yanka ƙotar gida uku, na tura ƙarƙashin tukunyar. Ta sha mai, nan da nan ta kama wuta.

'Yan sandan suka zo, suka leƙa shago da ɗaki, suka duba takardun asibitinsa, suka rubuta tasu. Ɗayansu ya tsuguna a bakin wutar ya ɗuma hannuwansa, ya ce itacen nan yana da ƙamshi, a ina muke samu. Na sunkuya na ƙara tura ragowar guntun cikin wuta.

Da ruwan nan muka wanke shi. Ni na zuba, limamin unguwarmu ya cuɗa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, a ƙasar da ya yi wa ƙofofi ba iyaka. Matafiyan da ya taɓa ba katako su goge sun cika sahu biyu. Daga Wadi Bawanis ba wanda ya zo.

Liman ya ce in yafe, wai tsoro ne ya kama dattijon. Na san tsoro, a gidansa nake haya. Amma Isuhu ma yana jin tsoro, kuma ya karɓi ƙarfen. Na gaya wa liman zan yafe, sai dai ba bana ba.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo maka. Ni da wasa nake kiransa nawa, naka ne tun asali. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka karɓe shi a gidan da ba a tambayar baƙo takarda. Ka ba matarsa Rabi da 'ya'yansu a Matamai haƙurin rashin da ba su ga gawarsa ba, ka tsaya musu, ka ba ni ƙarfin ɗaukar abin da zan iya daga nauyinsu. Mu da muka rage a nan, ka mai da mu gida da ƙafafunmu, in kuwa a nan ka rubuta, ka ba mu masu wanke mu. Amin.