Hannuna a Kafaɗar Mai Tufkar Igiya

Haƙƙi ne a kan duk wanda zai ɗiga wa mutum maganin buɗe ƙwayar ido ya sanar da shi cewa ganinsa zai dushe na wasu sa'o'i, domin ya zo da ɗan rakiya. Ni ba a sanar da ni ba.

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Marke, ƙanena ya goya ni a babur zuwa wani asibitin ido da ke wajen Sama Road. Ganin tsawon layi, na sallame shi ya tafi kasuwa. Da hantsi aka ɗiga mini maganin, aka duba ni, aka miƙo mini takarda. Ni da na yi ritaya ina magatakarda a ofishin karɓar koke-koke, na kasa raba harafi da ɗan'uwansa.

A waje rana ta zame mini azaba, titi ya koma farin ƙyalle guda. Na ciro waya, sunaye duk sun narke. Da kunne na tsayar da ɗan kabu-kabu, ya sauke ni a bakin unguwa, ya ce lungunmu ba ya shiguwa saboda kwatoci.

Unguwar da aka haife ni ta zama baƙuwa. Ƙamshin masa ne ya shaida mini na wuce kwanar farko, ƙarar keken tela ta biyu. Na yi wa turken lantarki sallama, har na tsaya jiran amsa. Taku kaɗan bayan nan ƙafata ta zurma cikin buɗaɗɗiyar kwata har gwiwa, takalmina ya zauna can.

Wanda ya ciro ni wani dattijo ne makaho, mai tufkar igiya a gindin katanga.

"Subhanallahi! Malam, mi yak kawo ka nan? Kama kafaɗata."

Na kama. Yana tafe yana ƙirga mini: taku bakwai a tsallaka, taku huɗu a raɓi bango. Duk ramin da ke lungun ya haddace shi. Da na yi godiya sai ya tsaya cak.

"Muryag ga na san ta. Ba kai na magatakardan da munka kai ma takarda kan kwatocin ga ba?"

"Ni ne, Baba."

"Kac ce mu dawo bayan Salla." Ya yi dariya. "To ga shi kai kar riga mu dawowa."

Na tuna takardar. Makafin unguwa ne suka kawo ta, suna roƙon a rufe kwatoci. Da hannuna na rubuta "A ajiye" a gefenta, da kyakkyawan rubutu, na sa hannu.

Har ƙofar gida ya kai ni. Kafin la'asar ganina ya dawo. Shi kuwa gobe ma taku bakwai zai ƙirga. Na san a ɗakin ajiyar takardu irin wannan rubutu nawa yake ƙarewa, domin ni na riƙe makullin wurin.

Duk da haka, ina roƙon hukumar da abin ya shafa, cikin girmamawa, da ta zaƙulo wancan koke, ta rufe kwatocin, ta kuma binciki dalilin da ya sa aka binne shi. A fara binciken da jami'in da ya sa hannu. Ina gida, ba zan musa ba.