Tarin Baba Ba Tibi Ba Ne

Shekarun baya can, lokacin da duk mai gini a Kafanchan ke neman farin yashi don filasta, mahaifina yana cikin masu haƙo shi a wani rami bayan ƙauyenmu. Magina ba sa karɓa sai busasshe kuma tankaɗaɗɗe, don haka a cikin ramin ake tankaɗe shi da rariyar waya, inda iska ba za ta kwashe mai laushin ba. Baba kan dawo gida fari fat tun daga gira har ƙafa, mu yi ta yi masa dariya.

An daɗe da barin ramin, har na yi aure an haifa mini 'ya mace, sannan tari ya kama shi. Ya rame, numfashi sai da ƙyar. Gari ya ɗauka tibi ne, wato tarin fuka. Ni ma da ɗan bokona na gyaɗa kai kamar wani likita.

Mahaifiyata ta ware masa kofi da kwano da ɗaki. A coci, bencin baya ya koma, kusa da taga. Duk wannan bai dame shi ba kamar dokar da aka kafa kan jikarsa.

"Kar yarinyan nan ya je kusa da shi," in ji Mama. "Yarinyan yana da ƙaramin ƙirji."

Daga bakin ƙofa yake kallonta. A haka ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara surutu, bai taɓa ɗaukarta ba.

Da maganin tibi ya ƙi ci, na kai shi babban asibiti. Likita ya duba hoton ƙirji, ya tambaye shi sana'arsa ta da, sannan ya ce ƙurar yashi ce ta cinye huhun. Cutar ba ta da magani, amma ba a ɗauka.

Baba ko a jikinsa da maganar rashin magani. "Likita, wato zan iya riƙe jikana?"

Muna isa gida ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya zauna a tsakar gida ya buɗe hannu. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta ruga bayan uwarta. "Kaka mai ciwo ne! An hana!"

Ya sauke hannu a hankali. "Ku bar shi," ya ce. "Yana jin magana, yarinyan kirki ne."

Muka yi ta lallashinta, muna cewa yau ko gobe za ta saba. Bai kai lokacin kaka ba ya rasu.

Har yau ba na iya ganin laifin Mama, tsoro ne da ƙauna. Amma abin yana ci mini rai, musamman in na wuce gidajen da aka yi wa filasta da yashinsa, ko tsaga babu. Yarinyar ta girma, har ta yi nata 'ya'yan. Kwanaki ta tambaye ni ko Kaka ba ya son yara ne, don ita dai ba ta tuna ya taɓa ɗaukarta ba.