Marigayi Kaka Bawa ya cika kwamfuta

Jama'a, yau mamaci ya kusa kashe mini kwamfuta!

Baffana Audu, tsohon soja, ya taso daga Ribah kan babur don ya ga tarihin zuriyarmu da nake haɗawa da wani shiri da na rubuta da Haskell, yaren kwamfuta. Na ce shirin ya juye sunayen cikin fayil na XML, kowane uba da 'ya'yansa a ƙarƙashinsa.

Sai allo ya fara gudu! Bawa, Audu, Bawa, Audu, ba tsayawa. Bawa kakanmu ne, mahaifin Baffa Audu, ya daɗe da rasuwa. Fayil sai kumbura yake, fanka na kuka.

Baffa ya ja baya, ya ce, "Mi na gani haka, ɗana? Tsoho bai kwanta ba!"

Na fizge wayar wuta. Ashe da suna kawai shirin ke haɗa uba da ɗa. Baffa kuwa sunan kaka ya sa wa ɗansa, sai jika ya koma kaka, zagaye ba iyaka.

Na yi masa bayani. Ya girgiza kai, ya ce, "Yaron nan nawa, takwaran tsoho, tun jiya shina zazzaɓi."

Ya buga babur ko hularsa bai ɗauka ba. Har yanzu bai kira ba!