Ƙwarangwal Bahago

Ana jibi Ranar Matattu, ranar da ake cewa mamata kan ziyarci gidajensu, Nemesio mai buga hotuna yana tsaye a kasuwar birnin Oaxaca da damin furanni a kafaɗa, yana kallon wata tsohuwa. 'Yar ƙarama ce, farin kitsonta biyu har ƙugu, yatsunta baƙi ƙirin. Tana shafa tawada a katakon da ta sassaƙa, ta ɗora takarda, ta murza da bayan cokali, tana rausaya kamar mai jin kiɗa. Ta ɗago takardar, sai ga ƙwarangwal da malafa, haƙora a washe, yana kaɗa jita da hagu. Sabuwar shiga ce, in ji Nemesio a ransa, wataƙila kaɗaici ne ya koya mata.

"Iya, kin manta katako yana juya hoto," ya ce. "Makaɗinki ya fito bahago."

"Ji sarkin iyawa," ta ce tana dariya. "Marigayi mijina ne, kan teburin abincin tarbarsa zan liƙa shi. Shekara arba'in gwiwar hannun nan tana zungurata wajen cin abinci. In ya zo jibi ya ga na mayar da shi dama, ai wucewa zai yi ya ci burodin maƙwabta."