Baba Sauka, direban da ba ya kai yara ƙofa

Makarantarmu ƙarama ce: ajujuwa shida, malamai takwas, da farfajiyar siminti da ba ta isa a buga ƙwallo a cikinta ba. Ba mu da filin wasa, ba mu da malamin motsa jiki. Abin da muke da shi tsohuwar bas ce mai ɗaukar yara talatin, da direbanta, wanda zai miƙa makulli a ƙarshen wannan zango bayan shekara goma sha tara, saboda ido ya fara yi masa gardama. Yara suna ce masa Baba Sauka, mu ma muka bi bakinsu.

Kullum kafin ƙarfe bakwai ya riga ya duba ruwa da bakin mai, ya daddoki tayoyi da ƙafa, ya goge madubi. Sai ya bi unguwa-unguwa yana kwasar yara, wasunsu su yi kusan awa guda a zaune. Har nan babu abin magana. Maganar tana gindin wata bishiya, a bakin wani layi da motoci ba su cika bi ba, tafiyar minti goma zuwa makaranta. Nan yake kashe mota ya ce, "A sauka!" Ya jera su biyu-biyu, ya shige gaba yana tafa hannu, su taka da sauri har ƙofa. Sannan ya koma shi kaɗai ya kawo motar babu kowa a ciki.

A shekararsa ta takwas ya fara wannan, kuma bai nemi izinin kowa ba. In an tambaye shi sai ya ce hanya ce ba kyau. Aka gyara hanyar, bai daina ba. Daga nan zargi ya shigo ɗakin malamai ya samu kujera. Malamin Turanci ya ce mai yake zuƙa a gindin bishiyar. Malamar aji biyu ta ce birkin motar ne ya lalace yake ɓoyewa, shi ya sa ba ya son gangara da yara. Wani ya ce a binciki mai shayin wajen, ƙila bazawara ce. Ni ma, mai koyar da lissafi a aji huɗu, ban wanke shi ba. Mutumin da yake ba da dalilin da kowa ya san ba shi ne ba, dole a sa masa ido.

Wadda ta fasa maganar, tun a shekarun farko na wannan tafiyar ƙafa, wata mai ɗinki ce, uwar wata yarinya 'yar ajina da yara suka taɓa laƙaba wa 'Yar Gyangyaɗi. Ta shigo ofis da takalmin makaranta a hannu, ta ɗora shi a kan teburin hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ni mota na sa 'yata, ban kai ta aikin soja ba. Dubi dunduniyar nan! Me tsohon nan yake yi da motar bayan ya sauke su?"

Hedimasta ya yanke hukunci: daga Litinin mota ta zo har ƙofa, ni kuma in bi ta mako guda in gano abin da ake ɓoyewa. In an same shi da laifi, ranar Juma'a ya ajiye makulli.

Na bi, kuma na yi aikin da aka sa ni. Na shinshina ko zan ji warin fetur. Na sa ido a ƙafarsa duk inda ya taka birki, motar tana tsayawa cak. Mai shayin kuwa ƙaton namiji ne mai gemu. Baba Sauka yana lura da ni. Ranar Talata ya juyo ya ce:

"Malam, jarkar da kake nema tana bayan kujerata. Ruwa ne a ciki. In ƙishi kake ji ka sha."

Ranar Laraba, da muka wuce bishiyar, ya karkato madubin ciki zuwa wajena.

"Dubi kayan da zan sauke maka."

Na duba. Kawuna sun langaɓe, wani a jikin taga, wata a kafaɗar 'yar'uwarta, bakuna a buɗe. Haka na karɓe su a aji duk makon. In rubuta tambaya a allo, in juyo, in tarar rabin aji suna kallona ba sa ganina. 'Yar mai ɗinkin nan, wadda ta kwana biyu tana riga kowa ɗaga hannu, ta koma kife kai a kan littafi. Sai na tuna ashe haka darasin farko yake a da. Da ya gyaru, na ɗauka sabuwar dabarar koyarwata ce.

Na tambayi Baba Sauka ina ya samo wannan dabarar ta sauke yara su taka. Ya ce shekara goma sha biyu ya yi yana jan babbar mota. Maigidan da ya koya masa tuƙi ya sha gaya masa, in ido ya yi nauyi kada ya yarda da shayi, ya tsaya ya zagaya motar sau goma da ƙafa. Rana ɗaya ya ƙi tsayawa, ya farka tayar gaba ta bar kwalta.

"To me ya hana ka faɗa, Baba, ka tsaya cewa hanya?"

"Haba Malam. Direba ne zai shigo ofis ya koya wa masu takarda yadda ake karatu? Ai dariya za ku yi."

Gaskiya ya faɗa. Da mun yi dariyar.

Ranar Juma'a na kai rahoto. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma ya saye ka ke nan?" Amma ya yarda a koma sauke yara a gindin bishiyar, a gwada mako biyu, ya kuma yi wa Baba Sauka faɗa kan ƙaryar hanya, faɗan da ya cancanta. Hedimastan ya riƙa shigowa ajina ba sallama yana tsayawa a baya. A kwana na huɗu ya daina zuwa, makulli kuma ya zauna a aljihun mai shi har yau.

Baba Sauka, kai ne ka dubi madubi ka ga abin da mu masu alli ba mu gani ba. Kai ne ka taka wannan layin, zuwa da dawowa, shekara goma sha ɗaya, da laima in ana yayyafi, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya gode maka. Mun zarge ka, ka ba mu ruwan jarka. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya ƙara wa ido lafiya, ya bar maka ƙafafun nan.

Ku kuma masu wuni a kan kujera, a ofis ko a gaban keken ɗinki, in kai ya yi nauyi ku tashi ku taka kafin ku koma. Kuma in ƙaramin ma'aikaci ya yi abin da ba ku gane ba, ku tambaye shi yadda zai iya faɗa muku gaskiya.

Mai ɗinkin ba ta sauko da wuri ba. Wata safiya ta laɓe a bayan bishiyar don ta gani da idonta, 'yarta ta hango ta. Uwar ta ce, "Ke, ba kya gajiya?"

Yarinyar ta ce, "Ina gajiya, Umma. Amma in na tako da ƙafa, ina jin abin da Malam yake faɗa. In na zo a zaune, bakinsa kawai nake gani yana motsi."